Bashin da Alhaji bai san ya ci ba

Saura kwana kaɗan a shiga azumi wani Alhaji mai sayar da kayan gini ya aiko a kira ni. Ba zan faɗi sunansa ko na kamfaninsa ba, abin da kawai zan ce shi ne yana da babban shago a cikin garin Kaduna, da sito a wajen Kawo, da wani reshe a Kakuri, siminti ne, fenti ne, tayil, kwanon rufi, rodi, duk dai abin da mai gini ke nema. Tun 2015 aka yi masa manhajar da yake aiki da ita, ita ke buga rasit, ita ke lissafin kayan sito, ita ke riƙe da sunayen masu karɓar kaya bashi. Yanzu yana so ya buɗe reshe na huɗu a Rigasa, sai yaron da ke kula masa da manhajar ya ce sai an ba shi wata biyu, Alhaji ya ce wata biyun me, aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe dai yaro ya samu aiki a Abuja ya kama gabansa.

Da na je ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, reshe ɗaya fa kawai za a ƙara. Ba sai ka kwafi na Kakuri ka canza suna ba? Kwana nawa?"

Na ce ranka ya daɗe ban sani ba tukuna. A ba ni sati biyu in duba cikinta, ba zan gyara komai ba, ba zan ƙara komai ba, dubawa kawai zan yi in rubuto abin da na gani. Ya yi dariya ya ce wato in biya ka kuɗi ka zauna kana kallon kwamfuta.

To a nan ne na yi suɓul da baka. Na ce masa ai manhajar nan bashi ne ya yi mata katutu, kuma kullum yana biyan kuɗin ruwa bai sani ba. Wallahi nan take fuskarsa ta canza. Ya ce, "A'uzubillahi. Ni tun da nake ban taɓa cin bashi da ruwa ba, kuma wanda ya yi min ita na biya shi kuɗinsa cas, har da ihsani."

Maganar ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani Ba'amurke ne, Ward Cunningham, wanda kuma shi ne ya yi wiki na farko a duniya, wato shafin intanet da masu karatu ke iya gyarawa da kansu, ya fara kwatanta abin da bashi a 1992 lokacin yana aikin wata manhajar harkar kuɗi, yana neman yadda zai fahimtar da ogansa dalilin da ya sa suke komawa suna gyara kod, wato rubutattun umarnin da manhaja ke aiki da su, alhali a ido yana aiki lafiya lau. Oga ɗan harkar kuɗi ne sai ya yi masa magana da yarensa. Ni kuma na ɗauko maganar yadda take na kai wa mutumin da kalmar kuɗin ruwa kaɗai ta isa ta ɓata masa rai. Sai na sauya salo, na ce Alhaji a ce tirela ta iso sitonka na Kawo ƙarfe goma na dare, direba yana sauri, hadari ya haɗu, ai ba za ka tsaya jera kaya ba, cewa za ka yi a sauke ko'ina a rufe ƙofa, kuma daidai ka yi. Amma in gari ya waye ba a jera ba, aka kwana biyu, aka yi wata, wata motar ta zo aka jibge a kan na farko, to daga ranar duk wanda ya zo sayen bokitin fenti ɗaya sai yara sun ɗage buhun siminti ashirin kafin su kai gare shi. Babu wanda ya sace maka komai, amma kullum ana cin lokacinka da ƙarfin yaranka, wani kayan ma yana can ƙasa ya daskare ba ka sani ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Wannan kam na gane. Je ka duba."

Ranar farko ban karanta layin kod ko ɗaya ba. Abin da na fara nema shi ne kwafin ajiya, wato in yau sabar, kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, ta mutu me za a dawo da shi. Aka ce ai akwai, kullum da dare tana yi da kanta. Na shiga na ga fayil-fayil a jere kowanne da kwanan watansa, gwanin sha'awa, sai da na duba girmansu na ga na watannin baya-bayan nan duk sifili ne, fanko, ashe an taɓa canza kalmar sirrin rumbun bayanai ba a canza ta a cikin ɗan umarnin da ke yin kwafin ba, shi kuma bawan Allah kullum sai ya tashi ya ƙirƙiri fayil ya sa masa suna ya koma barci. Ƙari a kan haka, a kan faifan sabar ɗin dai ake ajiye su, kamar mutum ya ɓoye safayan mukulli a cikin ɗakin da ya kulle. Alkawarin da na yi na ba zan taɓa komai ba a nan na karya shi, a daren na ɗauki cikakken kwafi na sa a wuri biyu, sannan na gwada dawo da shi a laftof ɗina don in tabbata yana tashi, don kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba ni dai ban yarda da shi ba.

Daga nan sai neman kod ɗin kansa, wanda shi ma aiki ne. Hannu uku ne suka yi aiki a kai. Na farko ɗalibi ne a lokacin, shi ya gina ta da yaren rubuta manhaja na PHP, na biyu ya zo wajen 2019 ya sa ta a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa kod, Allah ya saka masa da alheri, na uku kuma, wanda ya tafi Abuja, wani lokaci yakan yi gyara ta Git wani lokaci kuma kai tsaye a kan sabar da tsakar dare. Saboda haka abin da ke Git daban, abin da ke aiki a shago daban, ga kuma manyan folda uku masu suna sabo, da sabo2, da sabo_na_gaske. Kwana ɗaya cur na yi ina gwama su kafin in san wanne ne ma ake amfani da shi.

Amma abin da ya fi yi min amfani a duk sati biyun ba a kwamfuta na same shi ba. Akwai wata Hajiya da ke riƙe da lissafin kamfanin tun kafin a kawo manhajar, na roƙe ta in zauna kusa da teburinta kwana biyu ina kallo. Da farko ba ta so ba, ta ɗauka Alhaji ne ya turo a bincike ta. Da ta saki jiki sai ta jawo wani littafi mai bangon kwali daga durowa ta ce, "Ɗana, in kana son sanin ciwon abin nan, ga shi nan." Shekara da shekaru tana rubuta duk inda lissafin kwamfuta ya saɓa da nata, da yadda take gyarawa a Excel kafin ta kai wa Alhaji. Ita ba ta san me ake kira kod ba, amma binciken da na zo yi ta riga ta yi rabinsa da biro.

Ina zaune wani kwastoma ya zo, yaron kanta ya tambayi sunansa ya ce Sa'adu, na ga ya rubuta Saadu. Na ce ka manta alamar nan ta sama. Ya ce, "Oga ai ba a sa mata, in ka sa sai ta yi fari fat." Haka suke yi wa duk wani Mu'azu da Rabi'u da Ja'afar da Asma'u, sabon yaro in ya zo aiki cikin abin da ake fara koya masa ke nan. Su a wajensu wani hali ne na kwamfutar, kamar yadda ake sanin halin tsohuwar mota, ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san abin da hakan ke nufi: duk abin da aka rubuta a akwatin suna ana manna shi ne kai tsaye cikin umarnin SQL da ake aika wa rumbun bayanai, kuma a yaren SQL wannan 'yar alamar ita ke rufe zance, to in sunan Sa'adu zai iya karya umarnin bisa kuskure, wanda ya san abin da yake yi zai iya rubuta nasa umarnin a wurin da gangan, ya kwashe bayanai ko ya goge bashin da ake bin sa ko ya shiga ba da kalmar sirri ba. Kuma shafin shiga manhajar a buɗe yake a intanet don rassa su samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa ba tsagewa ba ce, ƙofa ce a wangale shekara da shekaru, Allah ne kawai ya tsare.

Haka ma haruffanmu masu lanƙwasa, in an rubuta ƙusa ko Ɗanladi sai rasit ya fito da alamar tambaya a wurin harafin, saboda an kafa teburan rumbun bayanai da tsarin haruffan latin1 na Turawan yamma maimakon utf8mb4 da ke ɗaukar haruffanmu. Wannan bai kashe kowa ba, na rubuta shi can ƙasa.

Sai lambar waya. Hajiya ta nuna min wata lamba ta ce tsofaffin kwastomominsu kaf lambarsu ɗaya ce a kwamfuta, 2147483647, har sun haddace ta. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan yana ganin lambar nan zai yi murmushi. Ita ce lamba mafi girma da gurbin INT, wato gurbin cikakkiyar lamba a MySQL, manhajar rumbun bayanan, ke iya ɗauka. Yaron farko ya ga lambar waya lamba ce sai ya ba ta gurbin lissafi, sifilin farko ya faɗi, sauran goman kuma da ke farawa da 7 ko 8 ko 9 sun haura biliyan biyu nesa ba kusa ba, shi kuma MySQL in ba a tsaurara masa ba ba ya ƙorafi, sai ya datse ta a iyakarsa ya ajiye. Na biyu da ya zo ya gano, sai ya ƙara wani gurbi ya kira shi phone2 ya bar na farko a wurin, to yanzu wasu shafukan suna karanta wannan wasu suna karanta wancan, lambobin mutanen farko kuwa sun tafi har abada sai dai a littafin Hajiya.

Mafi yawan abin da ke littafin nata kuwa saɓanin 'yan nairori ne a jimilla, yau naira uku gobe naira bakwai. Na bi sawu na tarar an ajiye kuɗi a gurbin FLOAT, wanda lamba shida zuwa bakwai kaɗai yake riƙewa daidai, abin da ya wuce haka sai ya yi kintace. A 2015 da buhun siminti yake wajen naira dubu biyu ko ƙasa da haka, rasit ɗaya bai cika kaiwa inda matsalar za ta fito ba. Yanzu da kowa ya san inda farashi ya kai, ɗan kwangila ɗaya zai yi sayayyar miliyoyi a tashi ɗaya, sai wutsiyar lissafin ta fara karkacewa. Kod ɗin bai canza ba, tsadar kaya ce ta tona masa asiri. Kuɗi ana ajiye shi ne a gurbin DECIMAL da ba ya kintace, ko a mayar da shi kwabo a ajiye cikakkiyar lamba, kowa ya san wannan, amma ni ma da aka ba ni aikin nan ina ɗalibi ban rantse ba zan yi haka ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na haraji. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. A manhajar da aka tsara da kyau wuri ɗaya za ka je ka canza. A nan kuwa an rubuta 0.05 da hannu a wuri goma sha ɗaya, duk inda ake bukata sai a kwafo a manna. Wanda ya yi gyaran ya samu tara ya canza, biyu suka tsere masa, ɗaya a lissafin kayan da aka dawo da su, ɗaya a rahoton ƙarshen wata. Tun daga lokacin duk wata Hajiya sai ta zauna ta daidaita da hannu, ta ce yakan ci mata yini biyu. Yini biyu sau goma sha biyu sau shekarun da suka wuce, ga buhunan simintin da ake ɗagewa kafin a kai ga fenti. Kuma a nan na gane abin da ya sa yaron can ya ce wata biyu: rassan ma haka aka yi musu, babu wani teburin rassa, sunan kowane reshe an rubuta shi ne a cikin kod, in Kawo ne yi kaza, in Kakuri ne yi kaza, a warwatse cikin fayil sama da talatin. Yaron bai yi ƙarya ba, bai dai iya bayani ba ne.

Sai a sati na biyu na kunna na'urorin bincike. Akwai wani ƙanena a sana'a da ke taya ni, shi ya ɗora PHPStan da SonarQube a kan kod ɗin, suka zubo gargaɗi dubbai, allo ya yi ja wur. Ya ce, "Yaya, wannan ai gawa ce." Na ce bi a hankali. Waɗannan na'urori suna da amfani amma ba su san shagon Alhaji ba, a wajensu layin da aka bar tazara ba daidai ba da layin da ke lissafin bashin miliyan hamsin kowanne gargaɗi ɗaya ne, in ka miƙa wa mai kamfani wannan tulin ka ce ga matsalarka, ka tsorata shi ne kawai ba ka gaya masa komai ba. Abin da nake yi shi ne in haɗa abu biyu. Na farko ma'aunin sarƙaƙiya da Thomas McCabe ya fito da shi a 1976, wanda a taƙaice yake ƙirga hanyoyi nawa ne za a iya bi a cikin aiki guda, duk wani "in kaza" ƙarin hanya ne, shi kansa ya ba da shawarar kar a wuce goma. Na biyu kuma tarihin Git, in ƙirga sau nawa aka taɓa kowane fayil. Inda biyun suka haɗu, fayil mai sarƙaƙiya kuma wanda kullum ana cikinsa, nan ne kuɗi ke zurarewa.

Da muka yi haka sai dubban nan suka koma fayil biyar. Babbansu wani ne mai suna functions.php, layi sama da dubu huɗu, a cikinsa akwai aiki guda da ke buga rasit, ya rage kaya a sito, ya rubuta bashi, ya lissafa haraji, ya kuma aika saƙon tes, duk a numfashi ɗaya, ma'auninsa na McCabe ya haura ɗari. Kusan duk gyaran da aka yi tun 2019 sai an bi ta kansa, kuma babu gwaji ko ɗaya da zai gaya maka in ka taɓa nan can ya karye. A gefe guda akwai wani fayil na buga lambar kaya, muni kam ya fi kowa, na'ura ta yi ta kuka a kansa, amma rabon da a taɓa shi tun zamanin yaron farko kuma yana aikinsa. Na rubuta a gabansa: a bar kaza cikin gashinta.

Akwai kuma mataccen kod, wanda ba a amfani da shi amma ba a cire ba. Na samu wani rangwamen Sallah da aka yi shekarun baya, kashi goma a kan fenti, yana nan kwance, abin da ke tsakaninsa da tashi wani gurbi ne guda a rumbun bayanai mai suna flag2, kuma na ga yaron ƙarshe ya fara amfani da flag2 ɗin nan don wani abu daban. Wannan ya tuna min da Knight Capital, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. Gab da 1 ga Agustan 2012 sun ɗora sabon kod a sabar bakwai cikin takwas, ta takwas aka manta, kuma sabon kod ɗin ya sake amfani da wata alama da a da take kunna wani tsohon aiki da aka daina amfani da shi shekaru, a ranar 1 ga watan, a sabar da aka manta sai tsohon ya farka ya shiga saye da sayarwa, cikin minti 45 suka yi asarar sama da dala miliyan 400. Na Alhaji bai kai nan ba, iyaka a wayi gari ana sayar da fenti da ragi ba wanda ya sani, amma ciwon iri ɗaya ne.

Ƙasan duka kuma ga tushe ya tsufa. PHP 5.6 take kai, wanda aka daina yi wa facin tsaro tun ƙarshen 2018, kuma ba za ka ce bari in ɗaga ta kawai ba, don duk maganarta da rumbun bayanai da tsofaffin umarnin mysql_ take yi, su kuma an cire su gaba ɗaya tun PHP 7 da ya fito a ƙarshen 2015, wato shekarar da aka gina ta ma an riga an yi musu sallama. Kalmomin sirrin ma'aikata da tsohuwar hanyar ɓoyewa ta MD5 aka adana su, abin da kwamfutar gida ke fasawa kafin shayi ya huce in kalmar gajeriya ce, alhali hanyar da ta fi ta tsaro, password_hash, tana cikin PHP tun 2013.

Ƙanen nawa dai ya dage, a rushe a sake sabuwa da Laravel, wani tsarin gina manhaja na zamani a kan PHP, wata uku mun gama. Na san wannan zumuɗin don ni ma na yi shi, kuma na sha kunya. Netscape ma da suke riƙe da kasuwar burauza sun yanke shawarar sake nasu daga tushe a 1998, ba su fito da sabuwar burauzar, mai lamba 6, ba sai ƙarshen 2000, lamba 5 ko fitowa ba ta yi ba, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa. Abin da mai cewa a rushe ba ya gani shi ne cikin wannan ƙazamin fayil ɗin akwai dokokin kasuwancin Alhaji na shekara da shekaru da ba a rubuta su ko'ina ba: wane ɗan kwangila ake ba kaya ba ajiya, nawa ake ƙara wa siminti in daga Kawo za a kai, me ake yi in an dawo da tayil rabin kwali. Alhaji kansa ya manta da wasu, kod ɗin ne kawai ya tuna. Ka rushe, sai ka shekara kana gano su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar faɗan kwastoma.

Kuma ina so in yi wa yaran nan uku adalci, don abu ne mai sauƙi ka zo daga baya ka yi ta zagin wanda ya riga ka. Akwai wani umarni a Git mai suna blame, sunansa ma ɗora laifi yake nufi, yana nuna maka wa ya rubuta kowane layi kuma yaushe. Na bi wani sashe mai ban takaici da shi, inda ake rubuta kuɗin tiransifa a matsayin tsabar kuɗi sannan a liƙa masa wata 'yar alama a gurbin bayani, sai na ga kwanan watan, Fabrairun 2023, ƙarfe biyun dare. Duk wanda ke ƙasar nan ya san me ake ciki a lokacin, canjin kuɗi, babu takardar naira a hannun kowa, layi a bakin kowane ATM daga Ahmadu Bello Way har Barnawa, ciniki ya koma tiransifa dare ɗaya. A saman sashen yaron ya bar rubutu: na wucin gadi ne, Alhaji ya ce gobe da safe yake so. Wallahi da ni ne abin da zan yi ke nan. Tirela ce ta iso da dare ga hadari. Laifin shi ne gari ya waye ba wanda ya ce a jera, kuma in ɓera da sata daddawa ma da wari, don ba a taɓa biyan ɗayansu kuɗin gyaran abin da ke aiki ba, sabon abu kawai ake biya.

Rahoton da na rubuta shafi huɗu ne, da Hausa, ban sa sunan na'ura ko ɗaya a shafin farko ba. Kowace matsala na rubuta abin da take ci yanzu, yinin Hajiya nawa, jiran kwastoma nawa, da abin da za ta ci in ta fashe, da kwanakin da gyaranta zai ɗauka. Kwafin ajiya da ƙofar Sa'adu da kalmomin sirri na ce waɗannan ba ciniki, ko ni ko wani a yi su satin nan, na kuma tuna masa cewa tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma sunaye da lambobin waya da bashin mutane da ke cikin rumbunsa amana ce a wuyansa ko da babu doka. Haraji da FLOAT da rassa na ce a yi su kafin Rigasa, don in aka buɗe reshe a kan wannan tsarin an ƙara jibga mota guda ne a sito. Babban fayil ɗin kuma ba za a taɓa shi ba sai an fara kewaye shi da gwaji, a ɗauki tsofaffin rasit ɗari na gaske a tabbata duk gyaran da aka yi amsar ba ta canza ba sai inda muke so ta canza, sannan a riƙa yankarsa kaɗan-kaɗan. Ɗaga PHP ya biyo baya. Sauran tarkacen na tara su a shafin ƙarshe na ce kar a kashe musu ko sisi.

Na kai masa bayan la'asar ana ta haramar buɗe-baki. Ya sa tabarau ya karanta shafin farko sau biyu, ya aika a kira Hajiya ya ce, "Hajiya, da gaske yini biyu kike yi duk wata a kan wannan?" Ta ce, "Alhaji ai na sha faɗa maka, ka ce kwamfuta ba ta kuskure." Bai ce komai ba. Sai aka shiga ciniki, don ɗan kasuwa ko asibiti ya je sai ya nemi ragi. Ya amince da kashi na farko da na biyu, maganar ɗaga PHP ya ce a bari sai bayan Sallah, na ce to amma a rubuta a takarda cewa shi ya ce a bari, ya yi dariya ya ce Injiniya ka fara zama ɗan kasuwa. Abin da na fi jin daɗin samu shi ne ya yarda duk sati a ware yini ɗaya na jeran sito, haka muke kiransa yanzu, ranar ba a karɓar sabon aiki ko da shi ne ya bugo waya. Ya riga ya karya wannan sau biyu.

Rigasa an buɗe, sati bakwai ya ɗauka, kusan dai abin da yaron can ya faɗa tun farko, na kuma kira shi na gaya masa haka. Ranar da muka toshe ƙofar nan na je shago da kaina na ce wa yaron kanta rubuta Sa'adu da alamarsa. Ya kalle ni, ya kalli Hajiya, ya rubuta a hankali kamar mai taɓa wayar wuta, ya danna, rasit ya fito. Suka yi ta murna har da tafi. Abin da ban hango ba shi ne yanzu duk tsohon kwastoma mai irin sunan nan ya zama mutum biyu a kwamfuta, Saadu mai tsohon bashi da Sa'adu sabo fil da ba a bin sa ko kwabo, kuma har wani ya karɓi kaya a sabon sunan alhali tsohon ya cika iyakarsa. Hajiya ce ta gano, ta buɗe sabon shafi a littafinta ta jero su, mutum talatin da ɗaya zuwa jiya. Ranar Litinin zan je mu zauna ni da ita mu haɗe su ɗaya bayan ɗaya.